Tsoho a Hannun Baƙi: Sakaci a Gidajen Kula da Tsofaffi na Amurka da Iyakar Abin da Doka Ke Iyawa

A shekarar 2016 iyalin wani dattijo mai suna Gorgi Talevski suka kai shi gidan kula da tsofaffi a garin Valparaiso da ke jihar Indiyana a Amurka. Gigin tsufa ne ya yi masa nauyi har kulawarsa ta fi ƙarfin mutanen gida. Duk da haka da ƙafarsa ya shiga, yana magana, yana ci da hannunsa, yana gane iyalinsa. Kafin shekarar ta fita ya kasa kai loma baki, Turancin ma ya fara kuɓuce masa, ya koma harshen Masedoniya da ya tashi da shi. Ma'aikatan gidan suka ce ciwon ne ke daɗa ci. 'Yarsa ba ta gamsu ba. Ta nemi likitocin waje su duba, aka tarar ana ɗura masa magunguna 6 masu ƙarfi irin na taɓin hankali. Da wani likitan ƙwaƙwalwa ya sa aka riƙa rage su sannu a hankali, sai dattijon ya soma dawowa, har ya koma ci da kansa.

Daga nan sai gidan ya ce yana takura wa mata, mazauna da ma'aikata, aka fara aika shi wani asibitin masu taɓin hankali mai nisan tafiyar sa'a ɗaya da rabi. Sau biyu ana karɓarsa idan ya dawo, a na uku aka rufe masa ƙofa. Iyalin suka kai kuka ma'aikatar lafiya ta jihar, alƙalin da ya saurari koken ya soke korar, gidan kuwa ya yi kunnen uwar shegu da hukuncin. Wannan shi ne labarin kamar yadda iyalin suka shimfiɗa shi a gaban kotu a 2019, kuma sai da ya kai har Kotun Ƙolin Amurka.

Na san tambayar da za ta fara zuwa bakin mai karatu: ina 'ya'yansu? A wajenmu kai uwa ko uba irin wannan gida abin kunya ne da ba ya wankuwa. Sai dai yawancin mazauna gidajen nan ba tsofaffi ne masu ƙarfi da aka gaji da su ba. Masu shanyewar ɓarin jiki ne, da waɗanda gigin tsufa ya sa suke fita cikin dare su ɓace, da masu robar fitsari ko ta abinci, mutanen da ke buƙatar ido a kansu dare da rana a ƙasar da miji da mata duk suke fita aiki. Kuma maganar ta shafe mu ta wata fuskar, domin 'yan Afirka da dama da suka yi ƙaura, har da 'yan Najeriya da Gana, a waɗannan gidaje suke samun abin sawa a bakin salati.

Akwai irin gidajen nan kusan 15,000 a Amurka, mazaunansu kuma sun kai miliyan 1.2. Kimanin kashi 70 cikin 100 na 'yan kasuwa ne masu neman riba, amma kuɗin da ke shiga aljihunsu galibi na gwamnati ne. Shirin Medicaid, na marasa ƙarfi, shi ke biya wa kusan mutum 6 cikin kowane 10, shirin Medicare na tsofaffi kuma yana biyan zaman ɗan lokaci bayan an sallamo mutum daga asibiti.

Idan aka ce cin zarafi, hankali yakan tafi kan duka, da zagi, da fyaɗe, da satar kuɗin tsoho. Duk suna faruwa. Hukumar binciken ayyukan gwamnati ta majalisar dokokin Amurka ta gano cewa laifuffukan cin zarafi da masu duba gidajen suka rubuta sun tashi daga 430 a 2013 zuwa 875 a 2017, kuma waɗannan su ne kawai suka kai ga takarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce a binciken da aka tattara daga ƙasashe, ma'aikata 2 cikin 3 na irin wuraren nan sun amsa da bakinsu cewa sun aikata wani nau'in cin zarafi cikin shekarar da ta gabaci tambayar. Amma abin da ya fi kashe tsofaffi ba mari ba ne. Sakaci ne, wato abin da ya kamata a yi ba a yi ba, shi kuwa ba ya barin shatin yatsu.

A ɗauki gyambon kwanciya. Mutumin da ba ya iya juya kansa, idan ya daɗe a gefe guda, nauyin jikinsa yakan matse fata tsakanin ƙashi da katifa har jini ya daina isa wurin. Yakan fara ne a ƙugu, ko dunduniya, ko ƙasan gadon baya. A jikin farar fata ja ake gani, jan da ba ya washewa idan an danna da yatsa. A jikin baƙar fata kuwa wurin yakan yi duhu ne kawai ko ya yi tauri da ɗumi, shi ya sa sau da yawa ba a lura sai ya fashe. Idan aka bar shi cikin famfas mai jiƙe da fitsari, fatar ta sale, rami ya buɗe, ya yi ta ci har a ga tsoka, wani lokaci har ƙashi. Ƙwayoyin cuta su shiga jini, a kwashi tsoho zuwa asibiti cikin zazzaɓi da ruɗewa, a takardar mutuwa kuma a rubuta sunan cutar jinin. Rigakafin ba wani abin sihiri ba ne: a juya shi kamar kowace sa'a 2, a tsane masa jiki, a ba shi ruwa da abinci mai gina jiki, a duba fatarsa kullum. Ba kowane gyambo ne ake iya hanawa ba, musamman ga wanda ke gab da cikawa, amma idan ka ga mai zurfi a jikin wanda ya shiga gida da lafiyayyar fata, akwai tambayar da dole wani ya amsa.

Haka faɗuwa take. Tsohuwa ta danna ƙararrawa tana son zagayawa, ta jira, ba wanda ya zo, kunya ta hana ta ɓata shimfiɗa, ta miƙe da kanta, ta faɗi, ƙashin ƙugu ya karye. Da yawa ba sa sake takawa. Haka ma ƙishirwa da yunwa: an ajiye tiren abinci gaban wanda hannunsa ba ya aiki, bayan rabin sa'a an ɗauke an rubuta cewa ya ƙi ci. A 2014 ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiyar Amurka ya duba masu zaman ɗan lokaci a ƙarƙashin Medicare, ya ga kashi 22 cikin 100 sun gamu da wata babbar cutarwa a lokacin zamansu, wasu kashi 11 kuma sun gamu da ta wucin gadi. Likitocin da suka bi takardun suka ce kashi 59 cikin 100 na abubuwan ana iya kauce musu.

Sai maganar ƙwayoyi, wadda ita ce ta fi ci mini rai domin da hannun masu ilimi ake yin ta. A da ɗaure tsofaffi ake yi a kujera ko gado da ɗamara. Da doka ta taka wa wannan birki, sai ɗaurin ya koma cikin kwalba. Mai gigin tsufa yakan yi ihu, ya yi ta yawo, ya ƙi wanka, wani lokaci ya kai hannu. Sau da yawa wani abu yake son faɗa: ciwo, ko tsoro, ko matsuwar fitsari. Gano abin yana buƙatar lokaci da haƙuri, ƙwaya kuwa minti ɗaya ce. Tun 2005 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a jikin wani rukunin magungunan taɓin hankali, cewa suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigin tsufa, a 2008 kuma ta faɗaɗa gargaɗin ga sauran. Duk da haka a 2018 ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa a kowane mako ana bai wa mazauna gidajen fiye da 179,000 irin magungunan ba tare da suna da ciwon da aka amince a yi amfani da su a kansa ba. Kamfanonin magani ba su fita da tsabta daga wannan ba. A 2013 Johnson & Johnson ya amince ya biya sama da dala biliyan 2.2 don rufe wasu tuhume-tuhume, ciki har da tallata maganin Risperdal domin tsofaffi masu gigin tsufa ba tare da izini ba.

Me ya sa abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa? Wanda ya taɓa aiki a wurin zai amsa a taƙaice: hannu bai isa ba. Mataimakan nas, waɗanda ke wanka da ciyarwa da sauya famfas, su ne ƙashin bayan gidan, kuma su ne mafi ƙarancin albashi. Dokar tarayya horon sa'a 75 kawai ta wajabta musu. A ce mataimakiya ɗaya aka bar wa mutum 15 a daren da abokiyar aikinta ba ta zo ba. Ko minti 10 za ta bai wa kowane, kafin ta zagayo na farko sa'a 2 da rabi sun wuce, ban da masu danna ƙararrawa da wanda ya yi amai. Ba muguwa ba ce, lissafin ne ba ya fita. Albashin ma'aikata kuwa shi ne mafi girman abin da gida ke kashewa, don haka nan mai neman riba yake fara sa almakashi. Wani bincike da masana tattalin arziki suka fitar a 2021 ya nuna cewa idan kamfanonin zuba jari masu saye don sayarwa suka karɓi gida, mutuwar masu zaman ɗan lokaci takan ƙaru da kusan kashi 10 cikin 100. Idan abu ya lalace mataimakiyar ake kora, a soke mata rajista, masu gidan suna can wata jihar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A kan takarda, dokar Amurka ba ta yi wa tsoho rowa ba. Bayan wani rahoto mai zafi da Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta fitar a 1986, majalisa ta kafa dokar gyaran gidajen tsofaffi a 1987. Duk gidan da ke son kuɗin Medicare ko Medicaid dole ya bi ta. Ta haramta cin zarafi da killace mutum ba da son ransa ba. Ta haramta ɗauri, na igiya ko na magani, domin horo ko domin sauƙin ma'aikata. Ta ce a yi wa kowane mazauni tsarin kulawa nasa na kansa, da shi ko wakilinsa a zaune. Ba a korarsa sai da ɗaya daga cikin wasu dalilai ƙididdigaggu, galibi da sanarwar kwana 30 da damar ɗaukaka ƙara. Yana da haƙƙin ya kai koke ba tare da an rama a kansa ba, kuma idan shi ko wakilinsa ya nemi ganin takardun jinyarsa, dole a nuna masa cikin sa'a 24, ban da ranakun hutu. Wannan haƙƙi na ƙarshe iyalai da yawa ba su san da shi ba, alhali shi ne makullin duk wata shari'a. Raunin dokar yana wajen ma'aikata: ta ce a sami cikakkiyar nas ta sa'a 8 a rana, sauran kuma ta ce su zama isassu, ba ta faɗi adadi ba.

Wanda aka cuci mahaifinsa, ƙofa ta farko da yake da ita ita ce jami'in sauraren koken mazauna, wanda suke kira ombudsman. Tun 1978 aka wajabta wa kowace jiha ta sami wannan ofishi. Kyauta ne, yana iya shiga gida ya gana da tsoho, ya zauna da shugabannin wurin, kuma ba ya bayyana mai koke sai da yardarsa. Yana da amfani sosai wajen matsalolin yau da kullum da barazanar kora. Amma ba ya cin tara, ba ya rufe gida.

Masu wannan ikon su ne jami'an binciken jiha da ke aiki a madadin CMS, hukumar tarayya mai kula da Medicare da Medicaid. Ana so su shiga kowane gida ba sanarwa, tazarar da ba ta wuce wata 15 ba, kuma su binciki koke idan an kai. Suna iya cin tara, su hana biyan kuɗin sababbin mazauna idan gida ya yi wata 3 bai gyara ba, su cire shi daga shirin gaba ɗaya idan ya kai wata 6. Sakamakon yana shiga ma'aunin taurari 5 na ingancin gidajen da gwamnati ta fara wallafawa a intanet a 2008. A aikace kuwa jihohi da dama ba su da isassun masu bincike, yawancin laifuffukan da ake rubutawa ana sa su a ajin da ba a ce sun cutar da kowa ba, kuma abin da yakan biyo baya takardar alkawarin gyara ce. Rufe gida ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin sai an nemi inda za a kai mutum 100 marasa lafiya. Masu gidajen sun san haka. Kuma ko an ci tara, ba iyalin da aka cuta take zuwa wa ba.

Don haka mai neman diyya sai kotu, a ƙarƙashin dokokin jiha na sakaci, ko kuskuren jinya, ko haddasa mutuwa. Nan ne ake gane yadda doka take kimanta ran tsoho. Diyya a Amurka kashi biyu ce: asarar kuɗi, da raɗaɗi da baƙin ciki. Magidanci mai shekara 40 idan ya mutu ta sakaci, ana lissafa albashin da zai samu nan gaba. Tsohuwa mai shekara 88 ba ta da albashi, ba ta ciyar da kowa, saboda haka kusan duk diyyarta tana ɓangaren raɗaɗi ne, shi kuma jihohi da yawa sun yi masa rufi. Teksas, alal misali, ta ƙayyade shi a dala 250,000 kan kowace cibiyar jinya tun 2003. Lauyoyin irin wannan ƙara ba sa karɓar kuɗi sai an ci nasara, sannan su ɗauki kamar kashi ɗaya cikin uku ko fiye, su ne kuma ke biyan ƙwararrun likitocin da za su ba da shaida. Daga abin da ya rage Medicare ko Medicaid na iya neman a mayar musu kuɗin jinyar da suka biya. Da lauya ya buga lissafi, sai ya bai wa iyali haƙuri, ko da ya ga hoton gyambon ya girgiza kai. Ga wa'adin shigar da ƙara, wanda a jihohi da yawa bai wuce shekara 2 ko 3 ba, a wasu ma ɗaya. Ga kuma shaidar farko, wato tsohon, wanda ko ya rasu ko ba a yarda da tunaninsa. Lauyan gida kullum maganarsa guda ce: da ma tsoho ne, da ma ba shi da lafiya.

Kalifoniya ta ɗan gyara wannan a 1991. Ta ce idan aka tabbatar da hujja mai ƙarfi cewa ganganci ne ko zalunci, ba kuskure kawai ba, gidan zai biya kuɗin lauya, kuma magada na iya karɓar diyyar wahalar da mamacin ya sha kafin ya cika. A ganina wannan ita ce hanyar da ta dace, domin tana sa ƙarar talaka ta zama abin da lauya zai iya ɗauka.

Amma kafin a kai ga alƙali akwai wani shinge, kuma tun ranar farko ake kafa shi. Ranar kai tsoho rana ce ta ruɗani: asibiti na matsa wa iyali su kwashe shi, gado ɗaya ya rage, 'yarsa na kuka, aka turo mata tulin takardu ana nuna mata inda za ta sa hannu. A cikinsu sau da yawa akwai shafin da ke cewa duk rikicin da ya taso ba za a je kotu ba, sai gaban mai sasantawa mai zaman kansa. Zaman sirri ne, babu jama'ar gari masu taya alƙali yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kusan babu, abin da aka gano ma ba ya fita balle wani iyalin ya ji ya kiyaye. Kotunan wasu jihohi sun yi ƙoƙarin karya wannan, Kotun Ƙoli ta hana su bisa wata dokar tarayya ta 1925 kan irin wannan sasantawa: ta soke hukuncin kotun Yammacin Bajiniya a 2012, ta soke na Kentaki a 2017 a shari'ar Kindred, wani kamfani mai gidajen tsofaffi. Gwamnatin Obama ta haramta irin yarjejeniyar a 2016, wata kotu a Misisipi ta dakatar da haramcin kafin ya fara aiki. Ƙa'idar da gwamnati ta fitar a 2019 ta halatta ta da sharaɗi biyu da ya kamata kowa ya sani: gida ba zai ce sai an sa hannu a kanta zai karɓi mutum ba, kuma wanda ya sa yana da kwana 30 ya janye.

Shari'ar Talevski ta wata hanya ta bi. Gidan da ya zauna mallakar wata hukumar gwamnatin ƙaramar hukuma ce, kamar yawancin gidajen Indiyana, don haka matarsa Ivanka ta shigar da ƙara ƙarƙashin tsohuwar dokar kare haƙƙin ɗan ƙasa ta 1871, tana cewa an keta haƙƙoƙin da dokar 1987 ta ba mijinta. Masu gidan suka ce dokar yarjejeniya ce tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi, tsoho ba shi da hurumin kai ƙara a kanta. Ranar 8 ga Yuni, 2023 alƙalai 7 cikin 9 suka ce yana da shi, Mai shari'a Ketanji Brown Jackson ce ta rubuta hukuncin. Gorgi bai ga ranar ba, ya riga ya rasu. Hukuncin babba ne, amma gidajen gwamnati kawai ya shafa, su kuwa tsiraru ne a faɗin ƙasar. Wanda ke gidan ɗan kasuwa yana nan tare da dokar jiharsa da rufin diyyarta.

Ko an ci nasara ma, karɓar kuɗin wani aiki ne. Masu gidaje da yawa sun raba harkar gida guda zuwa kamfanoni daban-daban: ɗaya ke da ginin, ɗaya ke gudanarwa, ɗaya ke kawo ma'aikata ko magani, duk na mutane guda. Wanda ke riƙe da lasisi, wanda shi ake kai wa ƙara, yana biyan 'yan uwansa haya da kuɗin aiki har ya zama ba shi da komai sai ɗan inshora.

Hukuncin laifi yana hawa kan ma'aikacin da aka kama yana duka ko sata, kuma kowace jiha tana da sashen da ke gurfanar da irin waɗannan. Kama shugabanni kan sakaci shi ne mai wuya. A Satumban 2017 guguwar Irma ta lalata na'urar sanyaya ɗaki a wani gida a garin Hollywood na jihar Fulorida, tsofaffi suka yi kwanaki cikin zafi alhali ga babban asibiti a tsallaken titi. An ayyana mutuwar mutum 12 a matsayin kisa, an tuhumi ma'aikata 4 a 2019, daga baya aka janye tuhumar 3, shugaban gidan kuma alƙali ya sallame shi a 2023. Abin da ya fi taɓa aljihun kamfanoni shi ne dokar hana damfarar gwamnati, wadda ke bai wa ma'aikacin da ya tona asiri kaso daga abin da aka ƙwato. Da ita aka sa kamfanin Extendicare mai gidajen tsofaffi ya biya dala miliyan 38 a 2014, bisa zargin karɓar kuɗin gwamnati kan kulawar da ba ta amsa sunanta ba.

Annobar korona ta nuna abin da idon dangi yake tarewa. A Maris 2020 aka hana ziyara, binciken yau da kullum ma aka dakatar da shi na wani lokaci. Mazauna da ma'aikatan wuraren kulawa na dogon zama fiye da 200,000 cutar ta kashe, ban da waɗanda suka rame ko suka yi gyambo saboda 'yar da ke zuwa ba su abinci a baki ta daina shigowa. Jihohi da dama kuma suka yi dokar kare gidajen daga ƙara a daidai lokacin, jihar New York ta yi tata a 2020 ta soke a 2021. Shi ya sa masu kare haƙƙin tsofaffi ke nanata wa iyalai abubuwa marasa tsada: a riƙa zuwa a lokuta daban-daban har da dare da ƙarshen mako, a ɗaga bargo a duba dunduniya da baya, a nemi jerin magunguna a tambayi dalilin kowanne, a ɗauki hoto mai kwanan wata, koke kuma a yi shi a rubuce. Wasu jihohi sun yarda a sa kyamara a ɗakin tsoho da yardarsa da ta abokin ɗakinsa, Teksas ce ta fara a 2001.

A Afrilun 2024 gwamnatin Biden ta yi abin da dokar 1987 ta bari: ta sa adadi. Kowane mazauni ya sami aƙalla sa'a 3.48 ta kulawar ma'aikatan jinya a rana, kuma a sami cikakkiyar nas a gida dare da rana. Adadin bai ma kai sa'a 4.1 da wani binciken gwamnati ya nuna ana buƙata tun 2001 ba. Masu gidajen suka ce babu ma'aikatan da za a ɗauka kuma kuɗin Medicaid bai isa ba, a ƙauyuka kuwa akwai gaskiya a kukansu. Amma maimakon a ƙara kuɗin tare da bin diddigin inda yake shiga, sai wani alƙalin tarayya a Teksas ya soke ginshiƙan ƙa'idar a Afrilun 2025, a Yulin shekarar kuma majalisa ta ɗage aiki da ita zuwa 2034. Yawancin waɗanda ke kwance a gadajen yau ba za su kai lokacin ba.

Akwai wani nauyi da ya rataya a wuyan ma'aikata, kuma ina so 'yan uwanmu da ke wannan aiki su san shi. Dokar adalci ga tsofaffi ta 2010 ta ce duk ma'aikacin gidan da ke karɓar kuɗin tarayya, idan ya yi zargi mai tushe cewa an aikata laifi kan mazauni, shi da kansa zai kai rahoto ga 'yan sanda da hukumar binciken jiha: cikin sa'a 2 idan akwai mummunan rauni, cikin sa'a 24 idan babu. Gaya wa shugabar sashe kawai ba ya sauke nauyin. Wanda ya yi shiru ana iya cin sa tarar da ta kai dala 200,000, ta kai 300,000 idan shirun ya ƙara cutarwa. Dokar ta kuma hana gida korar mai rahoto ko rage masa matsayi, ta wajabta a liƙa sanarwar haƙƙinsa inda ma'aikata za su gani. Na san abin da wuya ga baƙon da ke tsoron rasa aiki, ga haya, ga mutanen gida suna jiran aike. Amma idan bincike ya zo, sunan wanda ke bakin aiki a daren ake fara dubawa, kuma abin da zai kare shi shi ne ya rubuta ranar da sa'ar da ya kai rahoton, da sunan wanda ya karɓa, ya ajiye kwafi a wajensa.